Ina Ƙugiyar Maraɗi Ta Shiga?

A shafin intanet na wata ƙungiyar manoma mai tattara farashin amfanin gona daga kasuwannin Tasawa da Mayahi, sunan jihar kansa ya ƙi fitowa daidai. Inda ya kamata a ga Maraɗi, sai a ga MaraÉ—i. Gyaɗa ta koma gyaÉ—a, riɗi ya koma riÉ—i, ƙuli-ƙuli kuwa Æ™uli-Æ™uli. Gero da dawa da wake da aya suna nan lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Matashin da ya gina shafin, ɗan Tasawa ne da ya koyi aikin da ƙoƙarin kansa, ya rantse cewa a kwamfutarsa komai daidai yake fitowa. Kuma gaskiya ya faɗa.

Zargi ya fara sauka kan wayoyi. Wasu suka ce ƙananan salula masu araha ba su iya Hausa ba. Wasu suka ce rezo ne: a Kanembakashe ko Urafan, inda yake zuwa yana ɗaukewa, haruffa kan iso a karye. Duka biyun ba su yi nisa ba. Wayar da ta nuna gyaÉ—a a shafin ita ce ke nuna gyaɗa tsaf a WhatsApp. Rezo mai rauni kuma yakan hana shafi buɗewa ne, ba ya bin layi yana tsince haruffa masu ƙugiya kaɗai.

Da ya kawo mini maganar, na ce ya rubuto ɓatattun a takarda, kowanne kusa da asalinsa. Nan abu biyu suka bayyana. Kowane harafi guda ya rikiɗa zuwa alamomi biyu, ba ɗaya ba, ba uku ba. Sannan ƙ da ƴ kullum da Æ suke farawa, ɗ da ɓ kuwa da É. Ɓarnar da ke da tsari irin wannan ba ta ƙwayar cuta ba ce. Lissafi ne aka yi da ma'aunin da ba nasa ba.

Kwamfuta lamba ta sani, ba harafi ba. A tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka ƙirƙiro a 1992, haruffa irin a, b, k bayit guda kowanne ke ci, shi ya sa gero da wake suka tsira. Masu ƙugiya biyu-biyu suke ci. Ƙaramin ƙ shi ne C6 da 99, ƙaramin ɗ kuma C9 da 97. Idan burauza ta ɗauka da tsohon tsarin Yammacin Turai aka rubuta shafin, wato Windows-1252, inda kowane bayit harafi ne mai zaman kansa, sai ta karanta C6 a matsayin Æ, 99 a matsayin ™, C9 a matsayin É, 97 kuma dogon karan ɗori. Ga ɓatattun namu ke nan, ɗaya bayan ɗaya. Kamar mai awo ne da aka kawo masa gero da tiya, shi kuma ya ƙirga da rabin tiya: hatsin bai ragu ba, ƙidayar ce ta ninka.

"To ai Kawu, na sa layin UTF-8 a saman shafin," in ji shi. Ya nuna mini, ga shi nan kuwa. Ƙa'idar HTML ta ce wannan sanarwa ta kasance cikin bayit 1024 na farko, muka duba, tana layi na huɗu. Babu laifi a nan.

Abin da ya warware kullin shi ne rantsuwar tasa. A kwamfutarsa daidai, a intanet ba daidai ba, kuma fayil ɗin guda ne. Me ke tsakani? Uwar garken da ke ajiye shafin. Kafin ta miƙo shafi, uwar garke kan aiko da ɗan bayani a gaba wanda mai karatu ba ya gani. Muka danna F12, muka leƙa zirga-zirgar saƙonni, sai ga shi ɓaro-ɓaro: charset=ISO-8859-1. A ƙa'ida, in maganar uwar garke ta saɓa da abin da aka rubuta cikin shafi, tata ake bi, kuma burauzocin yau duk inda suka ga wannan suna Windows-1252 suke ɗauka. Aka canja saitin zuwa UTF-8, Maraɗi ta dawo da ƙugiyarta.

Murna ba ta daɗe ba. Haruffan sun dawo, amma biyu daga cikinsu sun dawo da baƙuwar kama. A kalmar gyaɗa, ɗ ya fi maƙwabtansa siranta, ya ɗan fi su tsawo, a kan wasu wayoyin ma ya karkace. Haka ɓ a ɓawo. Amma ƙ lafiya, ƴ lafiya. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne manyan: Ɗ a Ɗan Isa da Ɓ a farkon jimla suna fitowa da kyau, ƙananansu ne kawai suka bambanta.

Yaron ya ce ko zubin haruffan da ya zaɓa ne ba shi da su. Zato ne mai kyau, domin zubi da yawa da aka zana don Faransanci ba su san ƙugiya ba. Amma shi Andika ya sa, wanda ƙungiyar SIL ta zana musamman don masu koyon karatu, kuma duk haruffan Hausa na cikinsa. Muka buɗe fayil ɗin muka tabbatar: ɗ na nan, ɓ na nan. Suna cikin gida, amma burauza ba ta kiran su.

Sai muka koma kan takardar farko. Rabuwar nan ta Æ da É, wadda muka wuce ba mu tanka ba, ita ce rabuwar da muke gani yanzu: ƙ da ƴ gefe guda, ɗ da ɓ gefe guda. Dalilinta yana cikin yadda aka jera kundin Unicode tun farkon shekarun 1990. Haruffan Hausa takwas masu ƙugiya ba wuri ɗaya aka ajiye su ba. Shida na cikin rukunin ƙarin haruffan Latin: Ɓ a 0181, Ɗ a 018A, Ƙ da ƙ a 0198 da 0199, Ƴ da ƴ a 01B3 da 01B4. Wannan rukuni ya ƙare a 024F. Ƙaramin ɓ kuwa yana 0253, ƙaramin ɗ yana 0257, cikin rukunin alamomin masana furuci, domin masanan na amfani da su wajen rubuta sautuka, kuma tsarinsu ba shi da manyan haruffa. Ɗa da uba, unguwa daban-daban.

Da wannan a hannu muka buɗe fayil ɗin CSS, wanda ke tsara kamannin shafi. Akwai umarni a ciki mai suna unicode-range, da ke gaya wa burauza iyakar lambobin da za ta nema a wani zubi, don kada ta sauko da abin da ba ta buƙata. Yaron ya kwafo layin ne daga wata tsohuwar ƙira da ya samu a intanet, ya canja sunan zubin kawai. Layin ya ce daga 0100 zuwa 024F, sai ya yi tsalle zuwa 0259. Katangar ta tsaya taku huɗu kafin ɓ, taku takwas kafin ɗ. Da burauza ta iso kansu sai ta ga an ce ba a nan ba, ta je ta aro su daga duk zubin da ke cikin wayar.

Wannan 0259 ɗin ya daɗe yana ba ni haushi. Harafin ə ne, wanda mutanen Azarbaijan ke rubutu da shi. Wato wanda ya tsara layin ya san akwai harafin yau da kullum da ya maƙale a rukunin masana furuci, ya miƙa hannu ya ciro guda, ya bar biyu na harshen da miliyoyin mutane ke magana da shi daga Agadas har Kumasi. Ba mugunta ba ce, babu dai wanda ya tuna masa. Muka ƙara 0253 da 0257 a layin, lambobi biyu kacal, haruffan suka daidaita.

Akwai kuma ƙorafin da ya riga duk waɗannan gyare-gyaren, wanda aka ɗauka ba shi da alaƙa da su. Wani dattijo mai lalurar gani a Mayahi, wanda wayarsa ke karanta masa allo da murya, ya ce in ya iso farashin mako sai muryar ta ce hoto, ta wuce. Ashe tun farkon rikicin, don guje wa ɓatattun haruffa, yaron ya koma ɗaukar hoton jadawalin yana liƙawa. Hoto ba ya karantuwa da murya, ba ya bincikuwa, kuma ya fi rubutu cin kuɗin rezo nesa ba kusa ba. Ƙa'idojin WCAG 2.0, da hukumar W3C ta fitar a 2008, sun yi magana kan duka biyun: duk abin da ba rubutu ba a ba shi bayani a rubuce, kuma kada a sa hoton rubutu inda rubutun kansa zai yi. Aka mayar da jadawali na gaske, mai kanun layi da aka bayyana, yadda muryar za ta haɗa riɗi da kuɗinsa a jaka da dala. A saman shafin kuma muka tarar da lang="fr", gadon wancan aron, yana shaida wa kowace manhaja cewa Faransanci ne. Aka mayar da shi ha-NE, Hausar Nijar. Tun da kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, shafuka irin wannan za su yawaita, kuma da yawansu daga ƙirar Faransanci za a aro su.

Saura akwatin bincike. Ƙa'idar rubutun Nijar ta 1999 da ƴ take aiki, Najeriya kuma da 'y. Ɗan kasuwa daga Katsina ko Jibiya zai buga 'yan, shafin yana da ƴan, a dawo masa da babu. Wani ma ba shi da ƙugiya a wayarsa ko kaɗan, ridi zai rubuta. Yaron ya ƙara ƴan layuka da ke cire ƙugiya da alamar ɗauri daga abin da aka buga da kuma abin da ake nema, a ɓoye, kafin a gwada su. Rubutun da ke kan allo bai taɓa shi ba.