Zumunci a Ƙafa Yake: Tafiya da Abota a Lokacin Ƙunci

Idan aka yi rasuwa a gida, kwana uku ba a naɗe tabarma. Masu gaisuwa na shiga suna fita, kwanukan abinci na zuwa daga maƙwabta, wanda aka yi wa rashin ba ya ma samun sukunin zama shi kaɗai. Ranar bakwai 'yan nesa su kama hanya. Bayan arba'in kowa ya koma harkarsa, gida ya yi tsit, kuma a lokacin ne ainihin jarrabawar take farawa. Wanda aurensa ya mutu, ko aka sallame shi daga aiki, ko jarinsa ya karye, ko wannan zaman makokin ba ya samu. Ana haɗuwa da shi a masallaci a ce "Ya haƙuri?" ya ce "Alhamdulillahi," shi ke nan an rabu.

A irin wannan hali ne magabata kan ce wa mutum ya tashi ya je ya sha iska. Bazawara a tura ta gidan gwaggonta a wani gari ta yi wata guda. Saurayin da ya rasa mahaifi a haɗa shi da kawunsa mai fatauci su yi tafiya biyu ko uku tare. Dabara ce mai tushe, kuma duk wanda ya lura zai ga ba a taɓa tura mai damuwa inda bai san kowa ba. Wurin mutane ake tura shi. Amfanin tafiyar yana hannun waɗanda za su tarbe shi, da kuma sanin cewa akwai ranar dawowa.

Abin da zaman ɗaki yake yi wa mai damuwa

Baƙin ciki yana da wata ɗabi'a da likitocin ƙwaƙwalwa suka daɗe da ganewa. Mutum ya ji ba ya son fita, sai ya ƙi fita. Rashin fitar ya yanke shi daga ɗan abin da yake faranta masa rai: hirar majalisa, cinikin kasuwa, dariyar jikoki. Ransa ya ƙara ɓaci, fitar ta ƙara yi masa nauyi. Barci ya rikice, dare ya zama rana, tunani ɗaya ya yi ta maimaita kansa tun daga isha'i har asuba. Bahaushe ya taƙaita wannan da cewa zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi.

Daga cikin hanyoyin da ake bi a asibiti wajen magance ciwon damuwa akwai wadda aka gina kacokan kan karya wannan zagaye. Ana tsara wa mutum ƙananan ayyuka da fita da haɗuwa da jama'a, a ce masa ya yi su ko ransa bai so ba, domin sau da yawa motsi ne yake riga jin daɗi zuwa. Wani gwaji da aka yi a Ingila, aka wallafa a mujallar Lancet a 2016, ya nuna wannan hanya mai sauƙi ba ta gaza hanyar gyaran tunani da ƙwararru suke yi ba.

Tafiya tana tilasta irin wannan motsin ba tare da mutum ya lura ba. Dole ya tashi da wuri don ya sami mota. Dole ya yi magana da kwandasta da wanda ke gefensa. A gidan da ya sauka, kunya ba za ta bar shi ya kwanta har azahar ba, kuma ba zai mayar da akushin da aka kawo masa ba tare da ya taɓa ba. Idonsa ya huta daga ɗaki da kujera da titin da suke tuna masa abin da ya rasa.

Kaɗaici ba ciwon Turawa ba ne

Mun saba ɗauka cewa kaɗaici matsalar ƙasashen da tsoho ke mutuwa a ɗaki ba a sani ba ce. Gaskiya ne Birtaniya ta naɗa minista na musamman kan kaɗaici a 2018, Japan ta bi sahu a 2021. Amma rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Yunin 2025 ya ce mutum ɗaya cikin shida a duniya yana fama da kaɗaici, kuma ana danganta shi da mutuwar mutane kimanin 871,000 a kowace shekara. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kusan kashi 24 cikin ɗari ne suka ce suna jin kaɗaici, wato ninki biyu na ƙasashe masu arziki. Mutum yana iya zama a gida mai mutum talatin, amma babu ko ɗaya da zai iya faɗa wa abin da ke cin ransa.

Jiki ma yana ɗanɗana kuɗarsa. A 2010 wata mai bincike a Amurka, Julianne Holt-Lunstad, da abokan aikinta sun tattara nazarce-nazarce 148 da suka shafi mutane fiye da 300,000. Sun gano masu ƙaƙƙarfar alaƙa da jama'a sun fi waɗanda ba su da ita damar tsawon rai da kusan kashi 50 cikin ɗari.

A Afirka ma an gwada an gani. Wani likitan ƙwaƙwalwa a Zimbabuwe, Dixon Chibanda, ya fara wani shiri a birnin Harare inda aka horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar ƙananan asibitoci, su saurari masu damuwa, su taimaka musu su warware matsala ɗaya bayan ɗaya. Gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da kakannin nan sun sami sauƙi sosai fiye da waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. Benci ne da kunne mai sauraro. Dukansu muna da su a kowace unguwa.

Darasi daga Imam Gazali

A shekarar 1095 Imam Gazali yana kan ƙololuwar ɗaukaka, shi ne babban malamin makarantar Nizamiyya ta Bagadaza. Sai ya shiga wani hali na ruɗanin zuciya, har harshensa ya ɗaure ya kasa ba da darasi, abinci ya daina shigar masa, likitoci suka ce ciwon daga zuciya yake. Ya bar Bagadaza ya tafi Dimashƙa, daga nan Ƙudus, ya wuce Makka da Madina. Sai a 1106 ya koma koyarwa, a garin Naishabur.

Abu biyu ya kamata a riƙe daga labarinsa. Kafin ya tafi ya tanadar wa iyalinsa abin da za su ci. Daga baya kuma ya dawo gare su, bai ɓace ba. A littafinsa Ihya'u Ulumiddin, wanda ya rubuta a waɗancan shekaru, ya keɓe babi kan haƙƙoƙin abota da 'yan'uwantaka, wani kan kaɗaita, wani kan ladubban tafiya, ya jera su kusa da juna. Mutumin da ya ɗanɗani abin da kansa ya ga ukun nan tare suke tafiya, kuma kowanne yana da iyaka.

Inda tafiya take zama gudu

Akwai tafiyar neman sauƙi, akwai ta tserewa, kuma daga nesa suna kama. Magidancin da bashi ya yi wa katutu ya kashe waya ya nufi Legas ko Agadas, ya bar mata da yara da masu bin bashi a ƙofar gida, bai rage damuwarsa ba. Ya rarraba ta ne ga waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, kuma tana nan tana jiransa da riba. Haka wanda ba ya iya kwana uku a gida sai ya ƙirƙiro wata tafiyar, domin shirun gidan yana ba shi tsoro. Wannan ya kamata ya tsaya ya tambayi kansa me yake gudu.

Tambayoyi uku suna rarrabe su. Wurin wa za ka? Yaushe za ka dawo? Me ka bar wa waɗanda ke ƙarƙashinka? Wanda yake da amsar ukun, Allah ya kiyaye hanya. Wanda ba shi da ita, ya dakata.

Abokai ma ba duka ne magani ba. Mai raunin zuciya yana da saurin karɓar duk abin da aka miƙo masa da sunan mantuwa. Binciken da aka gudanar a Najeriya tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya cikin shekara guda, kuma a 2018 gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin saboda yadda ya addabi matasa da matan aure. Da yawa sun fara ne da kurɓi ɗaya daga hannun aboki ko ƙawa a ranar da ransu ya ɓaci. Akwai kuma abokin da ba ya ba ka ƙwaya, amma kullum hirarsa zagin tsohuwar matarka ce ko maigidan da ya kore ka. Kana tashi daga wurinsa zuciyarka ta fi tafasa. Ma'aunin mai sauƙi ne: ka duba yadda kake kwana a daren da kuka yi hira.

Yadda za a yi a wannan zamani

Ba a manta da halin da ake ciki ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, kuma hanyoyi da yawa ba su da tsaro. Harin da aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a ranar 28 ga Maris 2022 bai gushe daga zukata ba. Don haka ba a ce kowa ya ci bashi ya yi doguwar tafiya ba. Gajeriyar tafiya da ake maimaitawa ta fi doguwa guda ɗaya amfani, domin abin da ake nema shi ne mutum ya kasance yana da ranar da yake ɗoki a gabansa. Kwana biyu a ƙauye wurin kaka, cin kasuwar mako a garin da ke kusa, rakiyar aboki ɗaurin aure, ziyarar tsohon malaminka na allo, duk tafiya ce. A hau mota a tasha, a guji tafiyar dare, a sanar da na gida inda aka nufa, mai hawan jini ko ciwon suga ya tafi da maganinsa.

In an isa, kada a zama baƙon ɗaki. A bi mai masauki gona ko shago, a ɗauki yaro a kai shi makaranta, a kama aikin girki. Jin cewa kana da amfani ga wani yana daga cikin abin da ƙunci yake fara ƙwacewa, kuma a nan ake dawo da shi. Sannan a zaɓi mutum ɗaya mai riƙe sirri a faɗa masa gaskiyar magana. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Maza musamman suna iya shekara suna shan shayi da aboki ba su taɓa wuce hirar ƙwallo da siyasa ba.

Mata suna da tasu iyakar. Mai takaba za ta yi wata huɗu da kwana goma a ɗakinta, mai idda ma ba ta da sakewar fita, matar aure kuma sai da yardar miji. A nan tafiyar ta koma wuyan ƙawaye da 'yan'uwa: su ne za su taka su je. Su raba kwanaki a tsakaninsu don kada a cika mata ɗaki mako guda sannan a ɗauke ƙafa gaba ɗaya. Maigidan da ya ga matarsa ta yi ɓari ko ta rasa uwa tana ta ramewa, barinta ta je gida ta yi kwanaki cikin danginta kyautatawa ce, kuma shi ma zai ci moriyarta.

Lokacin da ake bukatar likita

Tafiya da abota suna sauƙaƙa nauyi, amma akwai matakin da ba su isa ba. Idan mutum ya wuce mako biyu a jere cikin ƙunci kusan kullum, ya daina jin daɗin abin da ya saba so, barci da ci suka rikice, yana ganin kansa ba shi da wani amfani, to abin ya zama ciwo, kuma yana da magani. Idan ya fara cewa mutuwa ta fi masa, ko yana raba kayansa yana neman gafara ba dalili, kada a bar shi shi kaɗai, kada kuma a tura shi tafiya. A kai shi asibiti a ranar. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa da ke Kaduna, da Kware a jihar Sakkwato, da Maiduguri, ga na Dawanau a Kano, kuma asibitocin koyarwa suna da sashen. A watan Janairun 2023 aka sanar da sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 kuma ta kare mutuncin mai neman magani. Zuwa wurin likita bai saɓa wa tawakkali ba, kamar yadda addu'a ba ta hana shan maganin zazzaɓi.

Nauyin da ke kan masu lafiya

Mai damuwa da wuya ya nemi taimako da bakinsa, domin ciwon kansa ne yake hana shi. Cewa "in kana bukatar wani abu ka kira ni" ba ta wadatar, don ba zai kira ba. Ka sa rana ka ce, "Ranar Asabar zan zo mu je Zariya tare." In yana nesa ka tura masa kuɗin mota ka ce ɗaki na nan an share. In ya ƙi, ka sake gayyata bayan mako guda ba tare da fushi ba. In ya zo, kada ka cika shi da wa'azi ko tambaya. Ka ba shi abinci da aiki da kunne. Kowa a cikinmu ya san mutum ɗaya da ya ɗauke ƙafa daga majalisa ko Islamiyya tun bayan wata musiba. A neme shi a makon nan.