Fom Ɗin Da Ya Ƙi Sunan Sa'adatu

Kwanakin baya na raka 'yar yayana shagon intanet domin ta cike fom ɗin neman gurbi a wata kwaleji mai zaman kanta. Sunanta Sa'adatu. Sau huɗu yaron shagon yana danna maɓallin aikawa, sau huɗu jan rubutu yana fitowa wai sunan ba daidai ba ne. Can sai ya ce, "Baba, ɗan wakafin saman nan ne ba ya so, bari mu cire." Aka cire, ta koma Saadatu, alhali takardarta ta sakandare Sa'adatu ta ce. Ranar tantancewa sai da muka yi yawon rantsuwa a kotu kafin a yarda mutum ɗaya ce.

Abin da ya ƙara ƙona mini rai shi ne, fom ɗin da ya tsaya kai da fata a kan wakafi ya bar lambar wayarta ta wuce da lambobi 10. Ko yaron goye ya san lambar waya a Najeriya 11 ce. Saƙon kiran jarrabawa bai taɓa zuwa ba, a bakin ƙawarta ta ji.

Na tambayi wani matashi mai gina shafuka, ya ce ai uzurin a bayyane yake. Ƙananan makarantu da ƙungiyoyi wurin ajiya mai arha suke haya, inda shafuka da yawa ke cunkushe a sabar guda. PHP da MySQL ake ba ka, ba ka da ikon girka duk manhajar da ranka ke so. Sai magini ya jibge binciken bayanan fom duka a burauzar mai cikewa ta hanyar JavaScript, saboda yana da sauri kuma ba ya wahalar da sabar. Matsalar ita ce wasu burauzoji masu tsimin data, irin su Opera Mini, ba kullum suke gudanar da shi yadda aka tsara ba, ɓarawo kuma yana iya tsallake shi cikin minti ɗaya. In sabar ba ta sake dubawa ba, komai aka turo ta haɗiye.

Wakafin kuwa tsoro ne ya sa ake korar sa. A harshen SQL, wannan alama ce ke rufe rubutu, don haka masu kutse ke amfani da ita su cusa umarni cikin rumbun bayanai. To amma hana Mu'azu da Rabi'u da Asma'u rubuta sunayensu ai lalaci ne, an bar jaki ana dukan taiki. Tun 2005 PHP ya zo da PDO, wanda ke aika umarni daban, bayanan mutum daban, yadda wakafi ba zai iya cutar da komai ba. Ba a biyan ko kwabo a kansa, kuma akasarin wuraren haya masu arha suna da shi. Haka zancen ƙ da ɗ da ɓ: a saita rumbun a kan UTF-8, Ɗanladi ya daina komawa alamar tambaya. Ga kuma ɗalibin Maraɗi, mai lambar waya mai lambobi 8 da ke bin 227, wanda wani fom ɗin ke kora tun daga bakin ƙofa.

Ku masu ba da kwangilar shafi, kafin ku biya cikon kuɗi ku zauna ku gwada da kanku. Ku rubuta Sa'idu, ku rubuta Ɓaidu, ku rage lamba ɗaya a waya da gangan, ku gwada a ƙaramar waya ba kwamfutar ofis kaɗai ba. Ku kuma masu cikewa, kada ku bar yaron shago ya taɓa harafi ko ɗaya na sunanku don yana sauri layi ya ragu. In fom ya ƙi, ku ɗauki hoton allon, ku je makarantar da ƙafarku. Sa'adatu dai ta samu gurbin, amma katin shaidarta na kwaleji har yau Saadatu yake ɗauke da shi.