Fijo 504 da injinta na asali: a gyara ko a musanya?

Tashar Unguwa Uku da ke bakin titin Zariya a Kano ta daɗe da sauya fuska. A da, Peugeot 504 doguwa ce ke lodin fasinjan Kaduna da Zariya, yau kuwa Golf da Sharan da bas-bas ɗin Toyota sun karɓe layi. 'Yan Fijon da suka rage sun koma garejin kanikawa a Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi, ko suna kwance a gidajen dattawa an lulluɓe su da tamfol. Duk wanda ya tashi farfaɗo da ɗaya daga cikinsu, shawarar farko da zai ji ita ce: "Alhaji, a sauke injin nan kawai a ɗora ɗan Beljiyam." Shawarar tana da sauƙi, amma ga motar da ta zama kayan tarihi, asara ce.

Dalili na farko tarihin motar ne. An fito da 504 a Faransa a 1968, ta zama gwarzuwar motar Turai a 1969, ta kuma lashe tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975, shekarar da kamfanin Fijo na Najeriya (PAN) ya fara harhaɗa motoci a Kakuri da ke Kaduna. Faransawa sun daina ƙera ta a 1983, Kaduna kuwa ta ci gaba har tsakiyar shekarun 2000. Ke nan Fijon Kaduna shaida ce ta zamanin da Arewa ke da masana'antar mota mai aiki, kuma lambar da aka buga a jikin bulok ɗin injin ita ce ke ɗaure motar da wannan zamani da kuma takardunta. A Amurka, masu tara tsofaffin motoci masu ƙarfin inji irin su Ford Mustang da Pontiac GTO na shekarun 1960 sun daɗe da gane wannan: a wurin gwanjo, motar da lambar injinta ta dace da ta jikinta tana fin 'yar'uwarta da aka musanya wa inji tsada nesa ba kusa ba, ko da ta biyun ta fi gudu.

Na biyu, kuma shi ne mafi ƙarfi, injin kansa an ƙera shi ne don a riƙa gyara shi. Injin fetur mai lita 2 da ke cikin akasarin 504 ɗinmu silinda huɗu gare shi, an kwantar da shi gefe guda, bulok ɗinsa ƙarfe ne, kansa kuma alminiyam. Silindojinsa ba a jikin bulok aka fafe su ba, hannayen riga ne na ƙarfe da ake zarewa a sa sababbi. Saboda haka idan inji ya fara shan baƙin mai yana hayaƙi, bakanike zai canja waɗannan da fistin da ringi da gaskit, ya kai karanshaf a goge, ya wanke kabureta, inji ya dawo daidai ba tare da an taɓa bulok ba. Waɗannan kayan duk masu cinyewa ne, canja su bai rage wa mota asali ba. Bulok ne ba ya maimaituwa. Musanyar inji kuwa ba ta tsayawa a inji: sai an yanke mazauninsa an yi walda, an sassaƙa mahaɗar giya, an sauya wayoyi da lagireto, kuma abin da aka yanke ba ya komawa.

Akwai masu cewa wannan maganar masu kuɗi ce, kuma ba a rasa gaskiya a bakinsu ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, injin kabureta ya zama nauyi ga mai neman abinci da mota. Direban haya da ke lissafin kowace lita ba wanda zai ɗora masa aikin adana tarihi. Motarsa jarinsa ce. Sai dai Fijo kaɗan ce ta rage a haya, kuma mai farfaɗo da motar mahaifinsa don fita ranar Juma'a ko hawan Sallah ba man da zai sha ne zai karya shi ba. Ƙorafin kayan gyara ya fi wannan nauyi, domin jabu sun yi yawa, kuma gaskit mara kyau na iya ƙona kan inji cikin ɗan lokaci. Amma har yanzu ana tono na asali a kasuwar Ƙofar Ruwa, a jikin motocin da aka farfasa, in dai an je da tsohon bakaniken Fijo mai ido. Su ma waɗannan dattawa raguwa suke yi, yaran da ke koyon aiki yanzu sun fi sabawa da na'urar gano matsala da kwamfuta fiye da saita kabureta da kunne.

In ma musanyar ta zama dole, kamar idan bulok ya tsage, a nemi injin wata 504, a je a gyara lambar a takardun mota, tsohon kuma a tsiyaye ruwansa, a shafe shi da mai a ajiye. Abin da aka saba gani shi ne a auna shi a sikeli a sayar wa 'yan gwangwan da kuɗin da bai kai na taya ɗaya ba.