Ba Nauyin Aiki Kaɗai Ke Karya Ma'aikaci Ba

Yawancinmu mun ɗauka cewa a wurin aiki shugaba ne ya fi kowa kusa da hawan jini da ciwon zuciya, tunda nauyin komai a wuyansa yake. Wani dogon bincike da aka yi a Ingila ya nuna akasin haka. A shekarar 1967 masana suka fara bibiyar lafiyar ma'aikatan gwamnati maza kimanin 18,000 a Landan, a binciken da ake kira Whitehall. Bayan shekara goma sai aka tarar mutuwa a cikin masinjoji da masu tsaron ƙofa ta ninka ta manyan jami'ai kusan sau uku. Shan taba da hawan jini ba su isa su bayyana wannan tazara duka ba.

Don gano sauran dalilin, Farfesa Michael Marmot ya jagoranci zagaye na biyu daga 1985, da maza da mata sama da 10,000. Abin da ya fito fili shi ne rashin ta cewa. Ma'aikacin da ba ya da ikon tsara yadda zai yi aikinsa, ko lokacin da zai huta, ya fi kamuwa da ciwon zuciya da damuwa. Tun 1979 masani Robert Karasek ya bayyana cewa aiki mafi cutarwa shi ne wanda ya haɗa matsi mai yawa da ƙarancin iko. Shugaba na shan matsi, amma yana iya ɗage taro ko ya miƙa wa wani aiki. Na ƙasa kuwa sai dai ya haɗiye.

Jiki ba ya mantawa da abin da aka haɗiye. Mutumin da ke kwana da tashi cikin fargabar tsawa ko kora, jikinsa na ta sakin sinadaran da aka tanada don lokacin haɗari. Zuciya ta yi ta bugawa da sauri, barci ya ƙaurace, fushi ya biyo shi har gida.

Abu na biyu shi ne sakayya. A 1996 masani Johannes Siegrist ya nuna cewa lafiya na taɓuwa idan gumin da mutum ya zubar ya fi abin da ya samu, ko kuɗi ne, ko girmamawa, ko tabbacin aiki. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Malamin firamare da wata ya ƙare bai ga albashi ba, da ma'aikaciyar jinya da ke riƙe da ɗakin majinyata ita kaɗai cikin dare, da ma'aikacin wucin gadi da ya yi shekara da shekaru ba a tabbatar da shi ba, duk sun san zafinsa. Ta yaya wanda ke cikin wannan hali zai ji daɗin aikinsa?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon damuwa da fargaba na jawo asarar ranakun aiki biliyan 12 a kowace shekara. Shi ya sa a ƙa'idojin da ta fitar a 2022 ta nemi a gyara yanayin aikin kansa, kuma a horar da shugabanni su san yadda za su tallafa wa na ƙasa da su.

Haƙuri halin kirki ne, amma cewa ma'aikaci "yi haƙuri" ba ya biyan haƙƙinsa. Duk mai mutane a ƙarƙashinsa, ko a ma'aikata ko a shago, yana iya farawa yau: ya biya albashi a kan kari, ya kiyaye lokacin tashi, ya daina muzanta mutum a gaban jama'a, ya kuma nemi shawarar mai aiki kafin ya sauya masa tsarin aikinsa.