Daura: Abubuwan Mamaki Da Ke Ɓoye Cikin Sunaye Da Kalmomi

Da wuya a sami Bahaushen da ya zauna a aji bai ji labarin Bayajidda da rijiyar Kusugu ba. Baƙo ya iso Daura da dare, ya nemi ruwa a wurin wata tsohuwa, aka ce masa maciji ba ya barin a ɗiba sai ranar Juma'a, ya je ya sare kan macijin, sarauniya ta aure shi. Yawancinmu iyakar saninmu ke nan. Ni kuwa a matsayina na ɗalibin kimiyyar harshe, ina ganin abin mamakin da ke Daura ya wuce kan maciji, domin akwai shaidun da ba su mutu ba, wato sunaye da kalmomin da muke furtawa kullum ba tare da mun tambaye su daga ina suka fito ba.

Bari mu fara da labarin kansa. Mai karatu zai so ya san cewa ba Daura kaɗai ke da irinsa ba. A cikin Tarikh al-Sudan, littafin da Abdurrahman al-Sa'adi na Tambutu ya rubuta a tsakiyar ƙarni na 17, an kawo labarin wani baƙo daga Yaman da ya iso Kukiya a bakin kogin Kwara, ya kashe wani kifi da mutanen garin ke bauta wa, suka naɗa shi sarki. Shi ne Za al-Ayaman, tushen sarakunan Songhai na farko. Can yamma kuma, mutanen Soninke suna ba da labarin macijin Wagadu mai suna Bida, wanda ake ba shi budurwa, har wani saurayi ya kashe shi. Sai dai a nasu labarin fari ne ya biyo baya, daular ta watse, alhali a Daura kisan macijin ruwa ya kawo. Wannan kamanni bai rage darajar Kusugu ba. Abin da yake nuna mana shi ne, a duk faɗin Sahel kakanninmu sun fahimci cewa wanda ya mallaki ruwa shi ya mallaki gari.

Sai sunan baƙon. Sau da yawa a kan ce Bayajidda daga "ba ya ji da" ne, wato da can ba ya jin Hausa. Haka kuma a kan ce Karbagari daga "karɓa gari", Bawo kuma amsa ce ta a mayar da garin. Irin wannan fassara tana da daɗin ji, amma a fagen nazarin harshe muna ɗaukarta da taka-tsantsan, saboda ɗabi'ar ɗan Adam ce ya lanƙwasa baƙon suna har ya yi ma'ana a bakinsa. A 1966 wani mai bincike, W.K.R. Hallam, ya danganta sunan da Abu Yazid, wani mutum da ya yi wa daular Faɗimiyya tawaye a Arewacin Afirka, wanda ake yi wa laƙabi da "mai jaki", ya kuma mutu a shekarar 947. Ra'ayi ne da masana ke ta muhawara a kansa, amma ko ba komai ya buɗe mana ƙofa ta uku, ban da Bagadaza da Barno.

Abu na gaba shi ne matan da suka riga Bayajidda. Jerin sarakunan Daura da H.R. Palmer ya buga a littafinsa Sudanese Memoirs a 1928 ya fara ne da sarakuna mata, tun daga Kufuru, kuma wadda ake jingina wa ƙaura daga Tsohon Birni zuwa Daura ta yanzu tana tsakiyar jerin ne, akwai wasu bayanta. Ke nan ko a cikin tarihin bakan kansa, Bayajidda ya tarar da gari da ganuwa da sarauta da maƙera a ƙasar, tun da ma an ce a Gaya aka ƙera masa wuƙarsa. Wanda ya ce daga baƙon nan Hausawa suka samo asali, ya saɓa wa labarin da yake kafa hujja da shi.

Harshen ma ya ba da irin wannan shaida. Tun ayyukan Joseph Greenberg, musamman littafinsa na 1963, aka daidaita a kan cewa Hausa na cikin harsunan Cadi, reshe ne na babban iyalin da ya haɗa da Larabci da Ibrananci da Abzinanci da harshen Misira ta dā. Kalmar "mutu" 'yar uwar "mata" ce ta Larabci da "mwt" ta Fir'aunawa. "Huɗu" ta yi daidai da "fdw" a rubutun dutsen Misira. Ita ma "ta" da muke sa wa mace, kamar a "ta zo", akwai irinta a Larabci. Waɗannan ba aro ba ne, gado ne daga kaka ɗaya da ta rayu dubban shekaru kafin a gina Bagadaza a shekarar 762. Aro daban yake, kamar "ashirin" da "talatin" da suka zo tare da Musulunci da fatauci, suka ture tsofaffi irin su "hauya" da ake nufin 20 da ita.

Aron ma yana da nasa abin al'ajabin. A wata maƙala ta 1960, Greenberg ya nuna cewa "karatu" da "rubutu" da "kasuwa" ta hannun Barebari suka shigo mana, kamar yadda sarautun Galadima da Yarima da Ciroma suka zo daga Barno. "Raƙumi" da "takobi" daga Abzinawa muka samo su. "Takarda" kuwa ta yi doguwar tafiya, daga "charta" ta Rumawa, ta ratsa Sahara a bakin Abzinawa kafin ta sauka a zaurukanmu. Daura, da ke tsakanin Barno da Azbin da Kano, tana kan mararrabar waɗannan hanyoyi. A ɗaya ɓangaren, "boko" da muka daɗe muna cewa daga "book" ta Turanci take, Paul Newman ya nuna a 2013 cewa tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin abin da ba na ainihi ba, kamar a "amaryar boko".

Tarihin sarautar ma yana da nasa. Wajen 1805 Malam Isiyaku ya ci Daura da tutar jihadi, Sarkin Gwari Abdu ya fita, danginsa suka kafa mulki a Zango da Ɓaure. Kimanin shekara ɗari bayan haka Turawan Ingila suka dawo da Malam Musa daga Zango kan gadon kakanninsa, abin da ba su saba yi a sauran masarautun daular Sakkwato ba. Daga nan Sarki Abdurrahman ya yi mulki daga 1911 zuwa 1966, Sarki Muhammadu Bashar daga 1966 zuwa 2007. Mutum biyu kacal, shekara 96. M.G. Smith ya tattara da yawa daga wannan tarihi a littafinsa The Affairs of Daura na 1978.

To, me ya sa na kawo duk wannan? Dalili shi ne, kusan duk sunayen masu binciken da na ambata baƙi ne, kuma abin da suka rubuta daga bakin dattawanmu suka ji shi. Rijiya an kewaye ta da gini, ba ta zuwa ko'ina. Amma Dauranci, da kirarin fada, da sunayen unguwanni da na kufai a Daura da Sandamu da Mai'aduwa da Zango da Ɓaure, har ma da ƙetaren Kwangwalam cikin Nijar, suna cikin kawunan mutane ne, kuma kowane tsoho da aka kai makwanci yana tafiya da rabonsa. Rediyo da finafinai da wayar hannu kuma suna ta jawo matasa zuwa Kananci.

Saboda haka ina kira ga majalisar masarauta, da manyan makarantun da ke Daura, da sassan Hausa na jami'o'inmu na Katsina da Kano da Zariya da Sakkwato, su haɗa hannu wajen naɗar muryoyin dattawa maza da mata, a rubuta, a adana, a kuma buga. Aikin ba ya bukatar biliyoyi. Wayar da ke aljihun kowane ɗalibi ta isa a fara. Ku kuma 'yan boko masu hali, ɗaukar nauyin ɗalibi ɗaya ya yi bincike a ƙauyenku bai kai kuɗin walimar aure ɗaya ba. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, kuma masu ba da labarin ba za su jira mu ba. Allah Ya sa mu farga.