Izgar Doki da Yadda Ake Kula da Ita

A ƙasar Gobir, kamar Tsamaye da kewayen Sabon Birni da Isa, cikar wutsiya na ƙara wa doki daraja. Ya kamata ɗalibi ya bambanta kalmomi biyu: wutsiya ita ce gaɓar, izga kuwa gashinta ne, wanda ake yin tsirkiyar goge da shi.

Kaurin izga daga ciyarwa yake farawa, wato harawa da dusa da kanwa. Babban abin da ke ɓata ta shi ne susa, domin kaska ko tsutsar ciki kan sa doki goga gindin wutsiyarsa a bango. Sai an magance wannan ne shafa man shanu zai yi amfani. Da yatsu ake warware izga, saboda mataji na tsinka ta, ga shi ba ta saurin tofowa.