JATAN LANDE DA IRE-IRENSA A KASUWA

Mutanen Sabo ta Badun, unguwar da aka keɓe wa Hausawa tun shekarar 1916, sun yi suna ne a cinikin goro da shanu. Amma zama cikin Yarabawa ya sa tukunyarsu ta saba da wani abin da ba a cika sani ba a Arewa, watau jatan lande, wanda masu gari ke kira "ede". Daga Ikko, inda teku take, zuwa Badun tafiyar kilomita 130 ce ko kusa da haka, saboda haka kayan ruwa na isowa kasuwar Bodija da gidajen ƙanƙara kullum, daga nan kuma wasu su wuce Arewa.

Abin da ya kamata jama'a su gane shi ne, wannan suna guda ɗaya ya haɗa halittu dabam dabam, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba ne. Wanda bai iya rarrabe su ba, shi ake cuta.

Mafi tsada shi ne wanda Turawa ke kira lobsta. Na tekunmu na Afirka ta Yamma ba shi da hannuwan matsa ko kaɗan. Alamarsa ƙahoni biyu ne dogaye masu kauri, da ƙayoyi a bisa kai da gadon baya. Launinsa kore-kore ne, da ratsin fari a wutsiya, sai an dafa shi yake komawa ja. Cikin duwatsun ƙarƙashin ruwa yake zama, gaɓar tekun Nijeriya kuwa galibinta taɓo ce da rairayi, shi ya sa ba ya samuwa da yawa. Naman yana wutsiya ne, kuma bai cika wuce sulusin nauyinsa ba. Mai saye a kan sikeli ya tuna da wannan kafin ya yi tayi.

Wanda ake gani a hotuna da manyan hannuwa biyu kamar na ƙaguwa, wannan baƙo ne. Ruwan sanyi yake so, irin na Kanada da arewa maso gabashin Amurka da Turai. In an gan shi a nan, to shigo da shi aka yi, yawanci a daskare, don manyan otal-otal da kantuna. Akwai kuma wani mai faɗin kai kamar cebur, wanda kan faɗo cikin tarun jiragen kamun kifi jefi-jefi.

Inda ruɗani ya fi yawa shi ne wajen jatan landen kogi, wanda ake kamawa a tafkin Epe da kogunan Kudu. Namijinsa kan girma ƙwarai, yana da dogayen hannuwa masu matsa, har wanda bai sani ba ya ɗauka lobsta ne, ya biya kuɗin da bai kamata ba. A dubi goshinsa: za a ga wani tsini mai haƙora kamar zarto, hannuwan kuma sirara ne. Abinci ne mai kyau, ba a ce kada a saya ba, amma a saya da sunansa da kuɗinsa.

Sai busasshen nan ƙanana da ake aunawa da kongo a Badun, da mudu a Arewa. Yawancinsa daga Oron yake zuwa, a Jihar Akwa Ibom, inda ake ƙyafe shi da hayaƙi a ɗura a buhu. A ra'ayinmu shi ya fi kowanne amfani ga talaka, domin ɗan kaɗan da aka daka aka zuba a miya ko a abincin yaro yana ƙara masa abin gina jiki.

Game da halaccinsa, malaman mazhabar Malikiyya, wadda akasarin Musulmin ƙasar nan ke bi, sun halatta cin dabbobin ruwa, ba a kuma bukatar yanka su.

HATTARA DA WANDA YA LALACE

Nan ne maganar lafiya ta shigo. Lobsta da ɗanyen jatan lande suna saurin ruɓewa da zarar sun mutu. In mai rai ne, a ɗaga shi. Lafiyayye zai naɗe wutsiyarsa da ƙarfi. In na ƙanƙara ne, a sansana. Zarni irin na fitsari, ko yauƙi a jiki, ko kai yana neman rabuwa da gangar jiki, duk alamu ne na cewa ya tashi daga abinci. Wutar lantarki kan ɗauke, kaya su narke, a sāke daskarar da su, kuma sanyi na biyu ba ya mayar da abin da ya riga ya ɓaci. Haka nan a lura da ƙanƙarar da ta lulluɓe shi, kada a sayi ruwa da kuɗin nama.

Busasshen ma yana da nasa haɗari. Waɗansu 'yan kasuwa kan fesa wa kayan abinci maganin ƙwari irin su Sniper don gudun ƙwaro. Wannan guba ce. A shekarar 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni. In aka ji warin magani a buhu, a bar shi, a kuma kai rahoto ofishin hukumar mafi kusa. 'Yan kasuwarmu su yawaita shanya, su ajiye kaya a busasshen wuri.

Akwai kuma mutanen da jininsu bai karɓi irin wannan abinci ba. Wanda ya ci ya ga ƙuraje sun feso masa, ko leɓɓa sun kumbura, ko numfashi yana yi masa wuya, a garzaya da shi asibiti nan da nan, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Masunta da dillalai kuma, in sun ga macen lobsta ɗauke da ƙwai a ƙarƙashin wutsiya, su mayar da ita ruwa, domin dubban 'ya'ya ne take ɗauke da su.